Tsuntsuwar da Ke Jiran Amsa

'Yata ta turo mini fim ɗin yara a waya, ta ce, "Mama, duba ko ya dace jikarki ta kalla in ta dawo daga makaranta."

Da hantsi na zauna a falo ina kallo ina ɗinka maɓallan riga. Labarin wata tsuntsuwa ne mai gida cikin gajimare. Babu zagi, babu jini. Sai dai takan juyo ta yi tambaya, ta ɗan dakata yara su amsa.

"Wa zai biyo ni gida?" in ji ta.

Ni da furfurata zan amsa wa tsuntsuwa? Na gama maɓalli uku, tana nan tana jira, ko ƙiftawa ba ta yi. Fim kuwa bai tsaya ba, gajimare na ta wucewa a bayanta.

Kunya ta kama ni, na ce, "To, ni."

Ta karkata kai, ta leƙa bayan kafaɗata. "Ba ke ba, Kaka. Ina ƙaramar?"

Na kife wayar. Da 'yata ta kira, na ce, "Ba za ta kalla ba, kuma kar ki tambaye ni dalili."