Shaidar Injiniya Sharafaddeen

Tun ranar da wayar tagulla ta ɓace daga siton kamfaninsu, Injiniya Sharafaddeen ya daina yarda da kowa. Ba a fasa ƙofa ba, babu kuma wanda ya ga fitar kayan. Zuciyarsa ta tsaya kan mutum biyu: Yussif mai kula da siton, ɗan Zangon Kumasi, da Rashad direba. Ya taɓa iske su a shagon shayi a unguwar Al Muntazah suna ƙus-ƙus, suna ganinsa suka yi tsit.

Manaja ya kai ƙara, aka tsare su, aka nemi Sharafaddeen ya ba da shaida. Bayan sallar Juma'a ya tare abokinsa Badaruddeen, mai koyar da shari'a.

"Wallahi su ne, Malam. Haɗa baki suka yi."

"Ka ji abin da suka ƙulla?"

"Ban ji ba."

"Ka ga sun ɗauka? Ko an sami wayar a hannun ɗayansu?"

"A'a. Amma Yussif ke riƙe da mabuɗi."

"Shi kaɗai?"

Sharafaddeen ya tuna akwai mabuɗi ɗaya wurin manaja, akwai ɗaya a aljihunsa shi kansa.

"Kafin a ce haɗa baki," in ji Badaruddeen, "sai an nuna sun amince su aikata laifin. Sata ma sai an nuna wanda ya ɗauka. Muddin shakka ta rage, alƙali ba zai ɗaure mutum ba. Faɗi abin da ka gani, khalas, shi ke nan."

Haka ya yi. A gaban mai gabatar da ƙara ya ba da labarin shagon shayin, bai ƙara komai ba. Da aka zo kan mabuɗai ya ambaci nasa. Mutumin ya ɗago ya daɗe yana dubansa, har zufa ta karyo wa Sharafaddeen duk da sanyin ofishin.

Aka sallami Yussif da Rashad saboda rashin hujja. Wayar dai ba a gan ta ba.

Da Yussif ya dawo aiki sai ya riƙe hannun Sharafaddeen. "Injiniya, Allah ya saka. Ba ka yi mana ƙarya ba."

Sharafaddeen ya amsa da amin, idonsa kan sabon agogon da ke hannun Yussif. Ya so ya tambaya, ya fasa.

A gida, can unguwar Old Airport, matarsa Aminat ta ajiye masa abinci. "To, su ne ko ba su ba ne?"

"Ban sani ba," ya ce, ya jawo kwanon.