Tsohon Mai

Likita ta sake tambayata ko ina shan taba. Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba 'yar nan, ni da girmana?" Tari bai bar ni na ƙarasa ba.

Sai ta tambayi sana'ata. Na ce suya nake yi a gidan abinci, tun ina goyon autana. A kicin ɗinmu ba a zubar da mai. In ya yi baƙi sai a tace shi da tsumma, a ƙara sabo a kai. Uwar ɗakina har alfahari take yi, wai tsohon mai ya fi daɗi. Taga ɗaya ce, ita ma an tare ta da buhuna.

Likita ta ajiye biro. Ta ce akwai wani sinadari a jini da ke gadin huhu. Man da aka yi ta ƙonawa yana fitar da guba a hayaƙinsa, gubar ta shiga jini ta manne wa mai gadin, kamar ƙaro a bakin makulli.

Na ce, "Ya ƙare ke nan?"

"A'a, Mama, yana nan. In an auna ma a same shi cif. Aikin ne ba ya iyawa."

Washegari na koma bakin aiki, ina jan ƙafa, ƙirjina kamar an ɗora dutse. Uwar ɗakina ta leƙo kicin, ta bi mu da ido, ta ce, "Madalla, kowa yana nan."

Na ɗauko tsumman tace mai.