Muryata a Cikin Tulu

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni, bayan na rufe binciken da zan kare yau a gaban malamai a jami'a. Binciken a kan yadda kunun zaƙi yake tsami ne, kuma a babin farko na kawo labarin allolin giya da mutanen da can suka bauta wa. To, su na je na tarar.

Na tsinci kaina a bakin wata kasuwa da rana tsaka. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, kowa ya taka laimarsa yana tafiya. A ƙofa wani bunsuru mai tabarau yana zaune a bayan tebur, yana tauna hatimin ofis.

"Baƙuwa, a nan ake ajiye murya," in ji shi. "Kamar takalmi."

Kunya ta hana ni musu. Na yi tari ɗaya, muryata ta faɗa cikin tulu, fara, mai kauri kamar kunun gero.

Sai ga ni a tsakiyar taron allolin. Na ƙasar Girka yana kan damisa da ganyen inabi a ka, damisar tana hamma. Ta tsohuwar Iraƙi tana zuƙar giyar sha'ir da dogon kara daga cikin randa. Ta ƙasar Zulu ta yafa bakan gizo. Zomayen Meziko ɗari huɗu, su ma alloli ne, duk a buge, suna gardama a kan wanda ya fi natsuwa a cikinsu. Duk na gane su, tambayoyi sun cika min baki, amma ba abin furta su.

Bunsurun ya shigo da tulun ya dire.

"Muryar mai kunya," ya ce. "Tun yarinta a rufe take. Da ta yi tsami sai a raba."

Taro ya ɗauki sowa. Na leƙa tulun, na ga ƙananan kumfa sun fara tasowa a gefe. Na san ma'anarsu. Idan ta zama giya ta haramta gare ni, ta zama tasu, ni kuwa in tsaya gaban malamai ina motsa leɓe.

Wata tsohuwa ce ta ja min zane. Aljanar burukutu ce ta Maguzawa, tana zaune a kan kifaffen turmi, da ƙwarya a cinya.

"Jikata, baƙi sun zo ƙasarku kin tsaya kallo? Karɓi ki zuba musu." Ta ɗaga murya don kowa ya ji. "Amma a nan ba a miƙa wa baƙo ƙwarya sai mai miƙawa ya fara kurɓa, a ga ba a sa komai a ciki ba."

"Kaka, wannan kuma wace irin doka ce?" in ji na Girka.

"Irin wadda ta sa ka kai waɗannan shekarun, Mai Ganye. Zauna."

Na durƙusa, na juye tulun kaf a ƙwarya, na sunsuna. Citta da kanumfari, zaƙi bai tafi ba tukuna. Na yi bismilla a zuci na kafa baki. Kurɓa ɗaya al'ada ta ce. Na yi ɗaya, na yi biyu, ban sauke ba. Zomaye suka miƙe kunnuwa. Bunsurun ya saki hatimi. Tsohuwa tana dariya tana bubbuga turmi da dunduniya, har na ga gindin ƙwaryar.

"Ta shanye mana," in ji wani zomo, ya fashe da kuka.

"Tawa ce," na ce, sai rumfunan kasuwa suka girgiza. Daɗi ya kama ni. Na juya wajen ta Iraƙi. "Baiwar Allah, tun babin farko nake son sani, me ya sa kuke sha da kara?"

Ta cire karan, ta gyara zama, ta buɗe baki za ta amsa. Ƙara ce ta fito, gurrr, ba tsayawa.

Injin markaɗen maƙwabta ne. Gari ya waye. Daga kan gado na ce da wata murya mai ƙarfi da ban taɓa yi ba, "Umma, ina kwana?"

Na ji ludayi ya faɗi a tsakar gida.

"Rumasa'u," in ji Umma, "wa ya shigo mana?"