Tsakin Abdul-Mumin

"Ticha, kama nan! Kar ka karkata shi, za su taru gefe ɗaya!"

Na karɓi kwalin 'yan tsakin ta saman gajeriyar katangar da ta raba bayan gidajenmu, ruwan sama yana dukana. Maƙwabcina Abdul-Mumin yana tsaye cikin ruwa har ƙauri, daga shi sai singileti, domin babbar kwatar unguwarmu Nima, a Ankara babban birnin Gana, ta cika ta tumbatsa cikin akurkin da ya kafa. Da hantsi ne, ranar Laraba. Ban ga ruwa irin wannan ba tun na uku ga Yuni, 2015.

"Ka fito daga ruwan nan," na ce masa. "Ka san abin da likita ya faɗa kan zuciyarka."

"Saura biyu. Sun shige bayan katako."

Sai da ya zaƙulo su, ya cusa su cikin singiletinsa, sannan ya fito yana haki.

Shekara arba'in muna maƙwabtaka. Na kama ɗaki a layin nan a 1983, shekarar fari da yunwa, ina koyar da tarihi a sakandare. Shi kuwa ya zo daga Bawku, can arewa, ya zama direban babbar mota mai kawo albasa kasuwar Agbogbloshie. Da likita ya raba shi da tuƙi, wata uku ya yi a kan benci yana kallon masu wucewa. Rannan sai ga shi da kwali mai huji-huji, da 'yan tsaki arba'in 'yan kwana ɗaya.

"Ba zan zauna kamar buhun da aka manta a tasha ba," in ji shi. "'Yata Ruhaina na ciyar da ni, yoo, na gode. Amma ni ma sai na ciyar da wani abu."

Bai taɓa kiwon irinsu ba. A garinsu kaza ce ke rainon 'ya'yanta, ba ruwan mutum sai watsa tsaba. Ya ɗauka zafin Ankara ya ishe su, ya zuba su kan siminti ba shimfiɗa. Kwana biyu, tara suka mutu, sun tattake juna a lungu wajen neman ɗumi. Sai da na raka shi wurin mai sayar da abincin kaji aka yi mana bayani: tsakon inji ba shi da uwa, dole mutum ya zame masa uwa har gashinsa ya fito. A shimfiɗa dusar katako, a rataya ƙwan lantarki. Idan an ɗauke wuta, a cika kwalabe da ruwan zafi, a naɗe da tsumma, a jera musu, a sauya kafin su huce. Kurfoti kuwa, wato murhun gawayi, a kiyaye shi, hayaƙin gawayi na iya kashe su a rufaffen wuri.

Daga ranar ambaliyar kwalin ya koma gindin gadonsa. Washegari zazzaɓi ya rufe shi, ga tari. 'Yarsa Ruhaina, mai sayar da wake da shinkafa a bakin titi, ta kai shi asibiti. Suka ce sanyi ya kama huhunsa, suka nemi kwantar da shi, ya ƙi.

"Baba, kaji ne fa!" ta ce. "Kaji! Ko nawa ne zan sayo maka wasu."

"Wasu ba waɗannan ba ne."

Ranar Lahadi ya aika a kira ni. Na same shi an tokare shi da matasai, ƙafafunsa sun kumbura, hannunsa ɗaya na lilo cikin kwalin, tsakin suna tsattsagar zobensa.

"Ticha, talatin da ɗaya ne. Ƙirga."

Na ƙirga. Haka ne.

"Ruhaina ba ta da lokaci, kuma tana fushi da su. Kai ne mai bin doka kamar littafi. Kwana goma ya rage su yi gashi. Ka riƙe min su kwana goma, kar sanyi ya taɓa su."

"Kai za ka riƙe abinka."

"Ticha, ka bar wannan magana. Ka ce to."

Na ce to. Ni da na shekara talatin da biyar ina tsayawa gaban aji ba tare da gabana ya faɗi ba, na kai kwalin nan ɗakina na kasa zama. Kwana biyu ina leƙa su kowane rabin sa'a. In sun yi shiru in tsorata, in sun yi kuka in tsorata.

Ya cika ranar Talata da safe, ana yayyafi. Wuta kuwa tun asuba aka ɗauke ta a unguwar baki ɗaya, kuma gas ɗina ya ƙare a tafasar farko. Kafin ƙarfe goma gidansa ya cika. Ƙanensa Tijani ya sa mata suka ɗora babbar tukunya a tsakar gida don ruwan wankan gawa. Ina cikin waɗanda suka yi masa sutura; ni na riƙe butar. Duk tsawon lokacin ina jin kunyar kaina, domin rabin hankalina yana kan kwalaben da na bari suna hucewa a ɗakina.

Muka sallace shi a ƙofar masallacin layinmu. Aka sa makarar a mota, maza suka cika bas biyu. Na san hanyar maƙabarta ranar ruwa: zuwa da dawowa ba za su gaza sa'a uku ba. Kwalba ba ta wuce sa'a biyu, nawa kuwa sun riga sun yi sanyi. Na duba wanda zan bar wa, ban ga kowa ba sai mata masu kuka, waɗanda suka san abin da ya kai shi cikin ruwan.

"Ticha, hau mana!" Tijani ya ƙwala mini kira daga tagar bas. "Ga wuri a gaba mun bar maka."

"Ku tafi. Ba zan samu zuwa ba."

"Ƙafar ce? Za mu riƙe ka."

"Ba ƙafa ba ce."

Ya dube ni, mutanen bas suka dube ni. Wani ya ce, "Shekara arba'in fa." Direba ya ja mota. Na tsaya har suka sha kwana.

A tsakar gidan, tukunyar na nan kan murhu, da sauran ruwan da ba a ɗiba ba, yana tururi. Na ɗauko kwalabena shida na durƙusa, amma moɗar ta ƙi tsayuwa a hannuna, ruwan yana zuba a ƙasa. Sai na ga inuwa a kaina. Ruhaina ce, idanunta sun kumbura. Ta daɗe tana kallon kwalaben.

"Baba Ticha, za ka ƙone," ta ce. "Kawo."

Ta cika su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure bakinsu, ta rungumo huɗu cikin mayafinta, ta biyo ni ɗakina. Tsakin sun dunƙule a lungu guda, kukansu ya siranta. Muka naɗe kwalaben muka jera. Ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar teburina. Na ciro tsako ɗaya da ya kasa tashi daga ƙarƙashin 'yan'uwansa, na rasa inda zan sa shi. Ta miƙo tafin hannunta, ta rufe shi da ɗayan, ta kai bakinta tana hura masa iska a hankali.