Inda Ake Kai Macizan Abuja

Sunansa Modibbo, amma kada sunan ya ruɗe ka, ko izu biyu bai haɗa ba. Sunan kakansa ne aka maƙala masa. Da bin shanu ya tashi, har shekarar da ciwon huhu ya share garken mahaifinsu, ya bar shi daga shi sai sanda sai ƙanwarsa Hindatu. Ita aure ya kai ta wata ruga a bayan hanyar filin jirgi. Shi kuma ya gangaro Tungan Maje, ya faɗa hannun wani tsoho mai suna Yamusa, wanda ya koya masa kamun maciji.

Ranar da Yamusa ya yaye shi, ya dama masa wani baƙin magani mai ɗacin tsiya, ya ce ya shanye. Sannan ya kafa masa sharaɗi biyu. Na farko, kada maciji ya mutu a hannunsa, ko da duka ko da yunwa ko da zafin rana. Na biyu, kada ya sake shi a inda ƙafar ɗan Adam take bi. Ya ce duk ranar da ya karya ɗaya, to ya nemi wata sana'a, don abin da yake kamawa shi zai kama shi. Ko maganin yana ci ko ba ya ci, Allah masani, don Modibbo bai taɓa fita aiki ba tare da dogon takalminsa na roba ba. Amma sharuɗɗan nan ya riƙe su gam, har bayan an kai tsohon makwancinsa.

Lokacin nan kuwa an koma mulkin farar hula, kuɗi sun buɗe, Abuja ta kama cin daji ba ji ba gani. Yau ka wuce ka ga kurmi, bayan salla ka dawo ka tarar da gidaje jere masu jan rufi da maigadi a bakin ƙofa. To su macizan da suke wurin tun kafin a haifi kakan mai gidan, wa ya ba su takardar tashi? Nan suke zama, su shige ƙarƙashin bulo da bayan tankin ruwa, suna cin ɓerayen da shara ta tara musu. Kasuwar Modibbo ta buɗe. Ya sayi babur, ya sayi wayar hannu, lambarsa tana yawo daga maigadi zuwa maigadi.

Wata safiya a ƙarshen damina wayar ta yi ƙara. Jacob ne, maigadin wani gida a wata sabuwar unguwa gefen Gwarinpa.

"Oga Modibbo, ka zo yanzu yanzu! Maciji ta shiga gidan madam, babba ne wallahi!"

"Kuna ganin sa?"

"Tana nan kusa da janareta, ba ta motsi."

"To ku bar shi. Kada wanda ya jefe shi, kada a zuba masa kananzir. Ka tsaya daga nesa ka zuba masa ido, in ya tashi ka ga inda ya shiga."

Da ya isa, matar gidan da kanta ta tare shi. Hajiya Nafeesa ce, babbar ma'aikaciya a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, ta yi shirin ofis tsaf amma ta kasa fita. Ta kulle yaranta a sama, ga fuskokinsu nan manne a gilashin taga.

"Sannu da zuwa, Malam. Don Allah kada ka kashe shi a nan, yara na kallo."

"Ba na kashewa, Hajiya, ko a nan ko a wani wuri."

Kasa ce, ƙatuwa, ta yi ɗai-ɗai a tsakanin ragowar bulo da ɗakin janareta, launinta ya saje da busassun ganyen mangwaro. Modibbo ya fi jin tsoron kasa a kan gamsheƙa. Gamsheƙa yakan tashi ya nuna maka kansa, ita kuwa wannan ba ta gudu ba ta gargaɗi sosai, tana kwance har sai ka taka ta. Ya sa Jacob ya ja baya, ya kawar da bulo ɗaya bayan ɗaya da ƙugiyar sandarsa, ba da hannu ba. Ya kwantar da dogon bokitinsa a gefen bango, bakinsa na kallon ta, da jiƙaƙƙen buhu a ciki. Kasar ta kumbura ta yi huci. Ya tsaya cak har ta huce. Sannan ya zura ƙugiyar a tsakiyar jikinta, ya ɗaga ta kaɗan, ya juya kanta wajen duhun bokitin. Ita da take neman maɓoya, sai ta sulale ciki da kanta. Ya tayar da bokitin da sandar, ya ɗora murfin mai ƙananan huji, ya ɗaure da igiya.

Ya zaga gidan ya nuna wa Hajiya abin da za a gyara: a kwashe bulon, a sare ciyawar bayan katanga, a toshe ramin da ke ƙasan ƙofar baya, a daina barin shara a buɗe. Ta saurara da kyau, ta ce yau za a yi.

"Wai ina kake kai su ne?" ta tambaya.

"Akwai wani dutse can gaba da Yangoji. Babu gona, babu gida, babu mai zuwa."

"Alhamdu lillahi. Nesa dai, Malam, don Allah nesa."

Kowa haka yake cewa, nesa. Ba su san nesa ta fara ƙarewa ba.

Da ya fara sana'ar, bayan Kubwa kawai yake zagawa ya juye bokiti ya dawo. Wata rana ya je ya tarar an kafa turakun siminti masu lamba. Ya koma wani kwari a hanyar Zuba, aka yi gidan mai a bakinsa. Ya matsa gaba da Gwagwalada, manoman da aka taso daga cikin gari suka zo suka share wurin suka zuba doya. Sai da ya yi yawo kamar mai neman ɓatacciyar saniya kafin ya samu dutsen nan. Tsibi ne na duwatsu masu tsaguwa, ƙasar wurin tsakuwa ce zalla, garma ba ta shiga, mota ba ta zuwa. Ranar da ya gan shi har sujada ya yi. Tun daga bazara yake kai su can, kasa da kububuwa da gamsheƙa, shi kansa bai san iyakarsu ba. Rabonsa da wurin tun kafin zazzaɓin da ya kwantar da shi a tsakiyar damina.

Ya ɗaure bokitin a bayan babur, ya lulluɓe shi da wani jiƙaƙƙen buhun, ya kama hanya. Rana ta fara zafi, kasa kuwa ba ta jure zafi a rufe. A Zuba ya tsaya wajen masu lemo da ayaba ya roƙi ruwa ya sake jiƙa buhun. Masu kayan marmarin sun san shi, suka yi ta tsokanarsa daga nesa, wai ya sauke fasinjarsa ta sha kankana. Ya yi musu dariyar yaƙe ya wuce.

Bayan Yangoji ya sauka daga kwalta ya bi 'yar siririyar hanyar da tayarsa ce ta fitar da ita. Bai yi nisa ba ya ga kashin shanu, ɗanye. Ya ce a ransa masu wucewa ne. Ya ƙara gaba ya ga an sare rassan wata marke. Da ya sha kwanar ƙarshe sai ga hayaƙi yana tashi a gindin dutsen.

Bukkoki ne sababbi, ciyawarsu ko bushewa ba ta gama yi ba. Ga turken maruƙa, ga ƙore a kife a kan gado na kara, ga shanya a kan duwatsun. A kan faffaɗan dutsen nan da yake tsayawa ya kwance murfi, wata 'yar yarinya ce zaune, ƙafafunta ba takalmi, tana lilo da su a bakin tsaguwar.

Ya kashe babur. Ya sauko daga kai.

Yarinyar ta ɗago ta dube shi, sai ta diro da gudu.

"Kawu! Inna, ga Kawu!"

Mufida ce, 'yar Hindatu. Kafin ya gama kafe babur ɗin ta zagaya baya ta kai hannu kan igiyar bokitin.

"Kawu, tsarabata ce?"

"Ke! Matsa daga nan!"

Bai taɓa daka mata tsawa ba tun da aka haife ta. Ta ja da baya, ta taɓe baki, idanunta suka kawo ruwa. Hindatu ta fito daga bukka da muciya a hannu, ta gan shi, ta saki muciyar.

"Hamma! Yayana, wa ya gaya maka muna nan? Yau nake ce wa maigidana Sale in ya je kasuwar Zuba ya bar maka sallahu."

"Yaushe kuka zo?"

"Wata bai cika ba. Shigo mana, ka tsaya a rana."

Bai shiga ba. Ya tura babur ɗin ƙarƙashin inuwa, ya zauna a kan tabarmar da ta shimfiɗa masa ta yadda idonsa ke kan bokitin. Ta kawo masa nono a ƙwarya, ya karɓa ya riƙe. Ta zauna ta ba shi labari. Wasu mutane ne suka zo tsohuwar rugarsu da takardu da mota mai ture ƙasa, suka ce filin an raba shi. Suka tashi suka nufi wajen Kuje, manoma suka ce ba a nan ba. Suka gangara Kwali, can ma aka yi musu iyaka. Mijinta Sale ya yi ta yawo har Allah ya nuna masa dutsen nan.

"Ka ga wurin, Hamma, babu wanda yake so. Ba a noma shi, masu awon fili ba sa zuwa. Sale ya ce nan kam babu mai tashin mu."

Modibbo ya dubi nonon da ke hannunsa. Abin da ya gani a wurin shi Sale ya gani, ba ragi ba ƙari. Ya ajiye ƙwaryar bai sha ba.

"Abu ɗaya ne," in ji Hindatu, ta rage murya. "Macizai. Ban taɓa ganin wuri mai macizai irin wannan ba. Karsanar nan tawa mai farin goshi, wadda ka sani, ranar Juma'a aka sare ta a hanci, kafin la'asar ta mutu. Shekaranjiya na ɗaga tulu na tarar da kububuwa a ƙasa. Ita kuma wannan," ta nuna Mufida da haɓa, "ba ta jin magana. Jiya saɓar maciji ta kwaso mini a hannu, wai ta samo gyale."

"Ku tashi daga nan, Hindatu."

"Mu je ina?"

Duk dajin da ya sani daga nan har Zuba ya riga ya auna shi da tayar babur, ya san abin da ke cikin kowanne. In da akwai sauran wuri, ai da shi ya fara kai bokitinsa.

"To ki sa wa Mufida takalmi. Kada ta ƙara hawa dutsen can. Kada wanda ya sa hannu a rami ko ƙarƙashin itace, a fara turawa da sanda. Ku share ciyawar nan har nesa da bukka."

Yana faɗa yana jin rashin amfanin maganar. Wannan shawarar gidan Hajiya ce, mai katanga da siminti. Yarinyar da ta tashi a ruga, wa zai ɗaure ƙafarta? Ya tuna gamsheƙan da ya ciro daga ɗakin girkin wani gida a Lugbe, da kububuwar da ya kawo da cikinta, ya juye ta a tsaguwar da Mufida take lilo da ƙafa. Ya kawo su ɗaya bayan ɗaya, da bismilla, yana jin daɗin ya cika sharaɗi.

Daga cikin bokitin aka ji huci mai tsawo. Buhun ya bushe. Hindatu ta waiga ta duba, ta gane, ta jawo 'yarta jikinta.

"Da shi kake tafe?"

"Daga aiki nake."

Ya tashi ya ɗebi ruwa a tulunta ya jiƙa buhun. Ya tsaya riƙe da moɗa. Ba zai saki kasar a nan ba. Ba zai kashe ta ba, in ma ya kashe, guda ɗaya ce cikin nawa? Ba zai kuma iya ajiye ta a ɗakinsa na haya ba, kwana kaɗan za ta yi ta mutu a hannunsa. Gaba kura, baya siyaki, ga rana tana ƙara hawa.

Hindatu kuwa fuskarta ta washe, kamar wadda aka sauke wa kaya.

"Wallahi Allah ne ya kawo ka, Hamma. Ni da nake da ɗan'uwa mai wannan sana'a, me zai sa in kwana da tsoro? Ka taimake mu ka dawo da kayan aikinka ka kwashe mana su. Ba sai ka kashe ba, na san an hana ka. Ka kai su can inda kake kai na mutanen Abuja."

Ya dube ta. Ta yarda da shi ɗari bisa ɗari, yadda ta yarda da shi tun suna yara in ya ce mata kogi ba zurfi.

"To," in ji Modibbo.

Mufida ta leƙo daga bayan zanen uwarta ta ce in zai dawo ya zo mata da tsaraba ta gaske. Ya ce to. Ya tayar da babur ya bi siririyar hanyar a hankali, yana duba kowace ciyawa. Da ya iso bakin kwalta ya tsaya ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Motocin yashi da na siminti suna ta wucewa, wasu su yi Abuja, wasu su yi kudu. Kasar ta sake motsawa a bayansa, ya ji nauyinta ya koma gefe ɗaya. Ya dubi dama, ya dubi hagu, injin yana ta ƙara a ƙarƙashinsa.