Amsar da Ta Ɓata a Hanya

Ranar Alhamis za a rufe cike fom ɗin makarantar koyon aikin jinya, ƙanwata Taibatu kuwa shekara biyu tana jiran sa. A Faru ba ka samun sabis sai ka hau tudun bayan gari, shi ma ba kullum ba. Don haka na bar ban ruwan albasa, na ƙunshe takardunta a leda, na hau babur zuwa Talata Mafara.

Zaharaddini mai shagon kwamfuta ya cike komai, ya sa hotonta, ya danna aikawa. Wani ɗan zobe ya kama juyawa a kan allon. Ya juya, ya juya, har aka kira azahar, sannan allon ya yi fari fat.

Na ce, "Malam, ya tafi?"

"Allah masani," in ji shi. "Wagga kwamfuta tawa roƙo kaɗai take aikawa. Akwai wata babba can nesa, ita ka amsawa ta ce ta karɓa. To ko saƙon ya mutu wurin zuwa, ko amsar ta ɓata wurin dawowa. Daga nan inda muke, duk kamarsu ɗaya."

"To mi za mu yi?"

"Zama, mutumin Faru. Ko akwai inda ake jiran ka da tuwo?"

Na zauna kan benci. Sau biyar yana gwadawa, shafin makarantar bai ko buɗe ba. Bayana ya ƙage. Ina tunanin albasa cikin rana, ina tunanin abin da zan ce wa Taibatu in ta tarye ni a zaure.

Bayan la'asar shafin ya buɗe. Muka sake komai tun daga sunan mahaifi. Ya danna, sai ga jan rubutu ya fito. Ni dai a ɗan zamana na firamare, jan biro bai taɓa zo mini da alheri ba.

Na ce a hankali, "Sun ƙi ta ko?"

Ya karanta, ya yi dariya. "Cewa ta yi an riga an yi rajista da wagga lambar waya. Bawan Allah, tun azahar ƙanwarka ta shiga. Amsa ce ba ta iso ba."

Ya buga mini takardar shaida, da ɗuminta. Na sa ta cikin riga, na tada babur. Ko murnar ma sai da na wuce rabin hanya na samu ƙarfin yin ta.