Kwana Talatin na Gwaji

Shekara ashirin da biyu ya yi yana rubuta katunan littattafai a laburaren jami'a, shi ya sa har yau Malam Kati ake ce masa, duk da tuni aka kwashe akwatunan katin aka kai sito. Da aka rasa inda za a ajiye shi, sai aka ba shi teburin zaɓen mujallun intanet. Yakan ce an duba kaf ma'aikata ne aka ga shi kaɗai bai iya cewa a'a ba.

Aikin ba wuya a faɗe. Kamfani zai buɗe rumbun mujallunsa kyauta na kwana talatin, malamai da ɗalibai su gwada. In wa'adi ya cika sai ya aiko da alƙaluman maƙala nawa aka sauke, kwamiti ya zauna ya duba. A bana rumbu uku ne a gwaji, biyu za a saya.

Na ukun na kimiyyar kifi ne, kuma mutum ɗaya ce ta nema, wata Dakta mai ɗalibai huɗu rak, wadda ofishinta ke bayan ɗakin janareta. Shekara uku tana cike fom ɗin buƙata da biro, ta kawo da ƙafarta.

"Malam, ɗalibata ɗaya ta maƙale a babi na biyu," in ji ta. "Duk abin da take nema yana cikin rumbun nan. In an saya, ta gama bana."

"Ki kwantar da hankalinki, Dakta. Kin zo hannu."

Ya faɗa ne da murya irin ta mai iko, alhali a kwamitin ko ƙuri'a ba shi da ita, rubuta bayanin taro ne nasa.

A kwana na goma ya leƙa alƙaluma. Rumbun likitanci ya haura dubu, na shari'a ɗari bakwai, na kifi goma sha ɗaya. Tausayi ya kama shi, sai kuma wata dabara ta biyo baya, irin wadda ke zuwar wa mutum bayan ya ci ya ƙoshi. Ai kwamfuta ba ta san fuskar mai dannawa ba.

Daga ranar, da an tashi hutun rana sai ya tura ƙofa, ya gyara tabarau, ya hau sauke maƙaloli. Hanjin kifi, ƙwan kifi, tsutsar da ke cikin kifi, bai bar komai ba. Mutumin da ko ƙayar kifi ba ya iya cirewa, sai matarsa ta cire masa, ya zama babban mai bincike a fannin. Da yatsansa ya fara sagewa matar ta tambaye shi, ya ce mata aikin ilimi ne.

"Ilimin ne yake kumbura yatsa yanzu?" ta ce, ta miƙo masa man zafi.

A kwana na goma sha tara, adadin ya kai ɗari tara da wani abu, sai shafin ya ƙi buɗewa. Ya kashe kwamfuta ya kunna, har ya ɗan bubbuga ta. Kafin la'asar saƙon kamfani ya iso wa Shugabar laburare: an ga ana kwasar maƙaloli ba ƙaƙƙautawa daga kwamfuta guda, wanda ya saɓa sharaɗin gwaji, don haka an rufe wa jami'ar gaba ɗaya rumbun kifin.

Sharaɗin yana shafi na biyu na takardar da shi da kansa ya buga wa hatimi.

Ranar taron kwamiti Shugabar ta karanta saƙon, ta ɗago kai. "Lambar kwamfutar tana nan. Zan sa a bincika, ko mai ita zai hutar da mu?"

Malam Kati ya ajiye biro. "Ranki ya daɗe, a hutar da masu bincike. Ga ɓarawon kifin nan zaune yana rubuta muku bayanin taro."

Wani Farfesa ya yi dariya har da tari. Shugabar ba ta yi ba. Ta ce a cire nasa a ga abin da ya rage. Aka cire, saura ashirin da shida, na Dakta da ɗalibanta. Aka zaɓi likitanci da shari'a cikin minti biyar, kuma shi ya rubuta hukuncin da hannunsa, da kyakkyawan rubutun nan nasa na kati.

Abin da ya fi ci masa rai, da bai taɓa komai ba, da rumbun zai sha ƙasa duk da haka, amma da ɗalibar ta samu sauran kwana goma sha ɗayanta.

Washegari Dakta ta shigo. Ya miƙe tsaye, ya shirya shan faɗa, har ya ji yana son a yi masa. Sai ta ja kujera ta zauna, fuskarta a sake.

"Na ji abin da ka yi, Malam. Wauta ce, amma saboda mu ka yi, na gode." Ta zaro 'yar filasha daga jaka ta ɗora a teburinsa. "Ɗalibar tana waje. Tunda ɗari tara ka sauke, ba za a rasa nata a ciki ba. Zuba mana kawai."

Ya dubi filashar. Kullum kafin ya tashi aiki yakan goge duk abin da ya sauke, ya bi kwandon shara na kwamfutar ya share, don kada a kama shi. A duk aikin, wannan kaɗai ya yi da ƙwarewa.

"Dakta," ya ce, "ce mata ta shigo. Gara ta ji daga bakina."